Hular William Penn

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. Mutanen birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka sun ɗauki nasu kayan har shekara 86 kafin su sauke.

A 1901 aka gama ginin majalisar birnin, mai tsawon mita 167, da gunkin William Penn, wanda ya kafa garin, tsaye a ƙololuwarsa. Magina suka yi alkawarin fatar baki cewa babu benen da zai wuce hularsa.

A 1984 wani attajiri, Willard Rouse, ya nemi zarce hular. Aka duba, babu dokar da ta hana. A 1987 benensa, One Liberty Place, ya kai mita 288. Yau akwai mai mita 342, Penn kuwa ya shige inuwa.

Birnin Washington bai yarda da fatar baki ba. A 1910 aka rubuta masa doka, aka ɗaure tsawon gini da faɗin titinsa, kuma har yanzu tana aiki. Idan muka dubi biranen nan biyu, za mu ga wanda ya rubuta shi ya tsira da sararin samaniyarsa.