Hutun Haihuwa: Yadda Aka Samo Shi, Da Mu Da Aka Bari A Baya

Uwar ƙungiya ce ta ce in rubuta wani abu na tarihi domin wannan biki namu. Na ce mata, Hajiya, ni da sai da na haifi 'ya'ya huɗu na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci? Ta ce ai shi ya sa. To ga abin da na tattaro, malamarmu ta taya ni bincike, Allah ya saka mata.

Kafin gwamnati ta san wani abu hutun haihuwa, iyayenmu sun san shi. Mai cikin fari a kan mai da ita gida goyon ciki. In ta sauka, kwana arba'in tana wankan jego, ga kunun kanwa, ga mai yi mata girki da wanki. Ba wanda ya ba ta albashi, amma dangi sun ɗauke mata nauyi. Da mata suka fara aikin masaƙa da ofis da asibiti, nesa da dangi, sai tambaya ta taso: ranar da ta kwanta, wa zai ciyar da ita?

A 1919 aka yi taron farko na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a birnin Washington na Amurka. Mata ma'aikata daga ƙasashe da dama suka kira nasu taron a garin a lokaci guda, don kada a yanke hukunci a kansu ba su nan. Aka fito da yarjejeniya: mako shida kafin haihuwa, mako shida bayanta, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, tun a lokacin aka ce kuɗin ya fito daga baitulmali ko daga asusun inshora. A 1952 aka ƙara fayyacewa cewa kada a ɗora wa mai kamfani shi kaɗai. A 2000 aka ɗaga hutun zuwa mako 14, kuɗin kuma kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi.

A nan Najeriya, dokar ƙwadago ta 1974 ta ba mace mako 12, da rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin. Amma wanda ya ɗauke ta aiki shi zai biya daga aljihunsa. Nan gizo ke saƙar. Ƙanwata tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Da cikinta ya fito, mai makarantar ya ce ta je ta huta, za a neme ta. Ɗan yanzu yana aji biyu, ba a neme ta ba. Ba na wanke shi, abin da ya yi zalunci ne. Amma ni 'yar kasuwa ce, na san lissafin da ya yi: albashi biyu kan aji ɗaya. Muddin kuɗin daga aljihun mutum ɗaya zai fito, zai guji ɗaukar mai aure. In kuwa asusu ne da kowa ke zubawa, ba shi da hujja.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi, shi ma ba a kwance suka samu ba. Ƙungiyoyin ƙwadago da na mata da ma'aikatan lafiya sun daɗe suna kai kuka. Hujjarsu mai ƙarfi ce: asibiti na ce mana a ba jariri nono zalla wata shida, ko ruwa kada a haɗa, to yaya wadda ta koma ofis a wata uku za ta yi? Gwamnatin tarayya ta mai da na ma'aikatanta mako 16 da cikakken albashi. Legas ta ba da wata shida a 2014, ga haihuwa ta fari da ta biyu. A 2019 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya sanar da wata shida ga mata ma'aikatan jiha. A 2021 har maza ma'aikatan tarayya aka amince musu da kwana 14 in matansu sun haihu.

Duk wannan alheri ne, muna taya su murna. Amma ku duba layinmu a kasuwa. Mai ƙosai, mai kayan miya, mai ɗinki, mai kitso, wace ce a cikinmu dokar nan ta sani? Ba mu da takardar ɗaukar aiki, ba mu da albashin da za a raba biyu. Ranar da ba a kasa kaya ba, ranar ba ciniki. Lokacin da na haifi autana, maigidan yana kwance ba lafiya. Kwana 16 na koma tebur, goyo a baya, ga rana, ga ƙura, jinin biƙi ma bai ɗauke ba. Jiri ya kwashe ni kan kwandon tumatir. Marigayiya maƙwabciyata mai manja ce ta ɗaga ni, ta tsare mini kaya har na yi arba'in, kullum da yamma ta aiko mini da cinikin ba ko kwabo a ciki nata. Allah ya haskaka kabarinta. Amma ba kowace ce ke dacewa da irin ta ba. Wata jarin ne zai tafi a sunan da magani, ta tashi daga jego da bashi.

Kuma fa mu ma muna biya. Kullum ana yankar mana tikiti, ana karɓar kuɗin rumfa da na shara. Matan kasuwar Abekuta, da Funmilayo Ransome-Kuti a gabansu, sun yi ta zaman dirshan kan haraji har sarkin garin ya sauka daga kujera a 1949, aka kuma janye harajin da aka ɗora wa mata. Ba 'yan boko ne yawancinsu ba, irinmu ne.

Don haka ina roƙon abu biyu a taron shekara. Na farko, mu buɗe asusun jego daban da adashi, kowa ta riƙa zuba ɗan abin da za mu amince, duk wadda ta haihu a ba ta abin cefane har ta yi arba'in, kyauta ba rance ba. Na biyu, in mun yi shekara muna yi, mu ɗauki littafin lissafin mu kai wa ɗan majalisarmu da ma'aikatar mata, mu ce ga abin da talakawa suka iya da kansu, gwamnati ta sa nata kason. Da littafi a hannu magana ta fi nauyi. Tsofaffin da suka daina haihuwa, kada ku ce ba ruwanku, akwai 'ya'ya da surukai a bayanmu, ciwon 'ya mace kuwa na 'ya mace ne.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka. In na yi kuskure a yafe mini, ɗaliba ce har yanzu.