Abin da Ya Sa Uwar Garke Ba Ta Bin Umarni Sai da Izini

Duk wanda ya fara koyon gina shafin intanet a kwamfutarsa ya ɗanɗana wannan takaici: ya rubuta ɗan shiri da harshen PHP ko Perl, ya buɗe shi a burauza, maimakon sakamako sai umarnin da ya rubuta ya bayyana tsirara a allo, ko saƙon kuskure mai lamba 500. Da yawa kan zaci na'urar ce ta lalace, alhali gado ne na shawarar da aka yanke fiye da shekara talatin da suka wuce.

Sa'ad da Tim Berners-Lee ya kafa uwar garken yanar gizo ta farko a cibiyar CERN a 1990, babban aikinta shi ne miƙa takardu: a nemi fayil, ta ɗauko shi yadda yake. Ba a daɗe ba mutane suka so shafin da zai karɓi fom ko ya binciko bayani a rumbu. A 1993, Rob McCool na cibiyar NCSA a Jami'ar Illinois, Amurka, ya jagoranci tsara ƙa'idar CGI. A ƙarƙashinta uwar garke takan tayar da wani shiri, ta miƙa masa buƙatar mai ziyara, sannan ta mayar da abin da shirin ya fitar.

Wannan sauƙi ya zo da haɗari, domin baƙo daga ko'ina a duniya ya sami hanyar sa kwamfutar wani ta yi aiki. Shi ya sa aka keɓe folda guda, cgi-bin, aka ce shirin da ke cikinta kaɗai za a gudanar. Manhajar Apache, wadda aka gina a 1995 a kan ta NCSA, ta riƙe wannan tsari. Dole mai kula da ita ya ayyana foldar a fayil ɗin saiti, ya ba shirin izinin gudana, layin farko na shirin kuma ya nuna inda mai fassara harshensa yake. Harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a wannan shekarar, shi ma sai an gaya wa uwar garke ta riƙa miƙa masa fayilolinsa.

Tarihi ya gaskata masu wannan taka-tsantsan. A 1996 aka gano cewa phf, wani shirin misali da ake rabawa tare da NCSA da Apache, yana ba maharan intanet damar karanta fayil ɗin asusun masu amfani da na'ura. A Satumbar 2014 kuma, ɓarakar Shellshock a manhajar Bash ta buɗe ɗimbin na'urori ta ƙofar CGI ɗin nan.

Tun 2002 kunshin XAMPP ya rage wa ɗalibai wahala, ya haɗa Apache da PHP da rumbun bayanai wuri guda. Duk da haka ƙa'idar tana nan. Fayil ɗin da aka buɗe kai tsaye daga folda bai bi ta uwar garke ba, don haka babu mai gudanar da shi. Sai an sa shi a htdocs, an kira shi ta adireshin localhost, wato 127.0.0.1, inda kwamfuta ke tambayar kanta. Ɗalibin da ya fahimci dalilin kowane izini a nan, da wuya ya bar ƙofa a buɗe ranar da aka damƙa masa bayanan abokan hulɗar banki ko na marasa lafiya.