Daga Carrington Zuwa Dungey: Tarihin Gardama Kan Asalin Guguwar Maganaɗisu

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata gardama wadda masana suka shafe shekara ɗari suna yi, watau ko rana ce ke girgiza garkuwar maganaɗisun da ta lulluɓe duniya.

A ranar 1 ga Satumba 1859, Richard Carrington yana zana baƙaƙen tabon da ke fuskar rana a Redhill ta Ingila, sai ya ga wani farin haske ya ɓarke a tsakaninsu, ya yi kamar minti 5 ya ɓace. Ba a cika awa 18 ba allurar maganaɗisu ta rikice a ko'ina. Jan hasken nan da ba a saba ganinsa ba sai can ƙuryar arewa ya bayyana har a Kyuba, kuma ma'aikatan tangaraho tsakanin Boston da Portland suka cire batir, suka yi ta aika saƙo wajen awa 2 da lantarkin da guguwar ta zuba a cikin waya. Duk da haka Carrington kansa ya yi kashedi kada a yi garajen danganta abubuwan biyu.

Wanda ya nemi rufe maganar shi ne Lord Kelvin. A jawabinsa na 1892 gaban Royal Society ya yi lissafi cewa in rana ce ke aiko da ƙarfin kai tsaye, to a guguwa ɗaya ta awa 8 sai ta fitar da abin da takan fitar cikin wata 4. Saboda haka ya ce dacewa ce kurum. A ganinmu lissafin ba shi da aibu. Kuskuren yana ga ɗaukar da ya yi cewa rana na watsa ƙarfin ne daidai ta kowace fuska, alhali ƙwayoyi ne take feso wa a dunƙule. Girman mai maganar ya sa da yawa suka kama bakinsu, ko da yake a 1904 Walter Maunder ya nuna cewa guguwar kan komo bayan kwana 27, gwargwadon juyawar rana.

Sai a 1958 Eugene Parker na Jami'ar Chicago ya bayyana cewa rana na kwararo da iskar ƙwayoyi masu lantarki dare da rana. Masu tace mujallar sun ƙi takardarsa, editan ne, Chandrasekhar, ya buga ta, kuma kumbon Mariner 2 ya gaskata shi a 1962. Sauran ƙulli ɗaya: in iskar ba ta tsayawa, don me guguwa ba kullum ba? James Dungey ya warware wannan a 1961. Iskar tana tafe da nata maganaɗisun. Idan ya fuskanci kudu sai ya sarƙu da na duniya, garkuwar ta buɗe ta ɓangaren da ke kallon rana, ƙarfi ya taru a dogon wutsiyarta ta ɓangaren dare, daga nan ya kwararo ya ƙarfafa lantarkin da ke zobe kewaye da duniya, wanda ke raunana maganaɗisun da ake aunawa a ƙasa.

Sauyin maganaɗisu na farat ɗaya irin wannan ne ya cusa lantarki cikin dogayen wayoyin Quebec ta Kanada ran 13 ga Maris 1989, mutum miliyan 6 suka rasa wuta har awa 9.