Ƙusar tayar mota: abin da ke karya ta da yadda ake canza ta a gida

Ƙusar taya, wadda makanikan Tasawa da Maradi ke kira gujon, ita ce guntun ƙarfen nan mai zare da ke fitowa daga moyo, ta ratsa hujin janti, sannan a ɗaure ta da noti. Moyo kuwa shi ne ƙarfen da ke juyawa, wanda taya ke zama kansa. Tsawon ƙusar bai wuce na ɗan yatsa ba, amma ita da ƴan uwanta uku, huɗu ko biyar su ne ke riƙe da taya jikin mota. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa tsakanin Urafan da Tasawa, ko ya bi rairayin Gulbin Kaba wajen Mayahi, ya san irin lodin da ake yi: buhunan hatsi da na wake a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a bisa. Idan taya ta fice daga irin wannan mota tana cikin gudu, ba maganar ƙarfe ake yi ba kuma, maganar rayuka ce.

Ba kowace mota ke da ita ba

Motocin Japan, irin su Toyota da Nissan da Mitsubishi, su ne masu ƙusa a dashe cikin moyo. Mercedes da Volkswagen da Peugeot irin su 206 da 406 ba haka suke ba: nasu bulon ne mai kai, ana murɗa shi daga waje ya shige moyo, idan ya lalace sai a sayo wani kawai. Bayanin nan na masu ƙusa ne.

Ƙusar ba walda aka yi mata ba. Daga baya ake tura ta. Tana da kai mai faɗi da ke hana ta wucewa, kuma ƙarƙashin kan akwai ƙananan haƙora da ke cizon hujin moyo don kar ta juya lokacin da ake ɗaure noti. Shi ya sa ake iya fidda ta a sa wata.

Yawancin Toyota, daga Corolla har Hilux da Hiace, ƙusarsu M12 x 1.5 ce, wato kaurinta milimita 12, tazarar zarenta milimita 1.5, kuma kile mai lamba 21 ke kwance notin. Nissan ma milimita 12 ce, amma zarenta 1.25. A ido kamar ɗaya suke. Ka ɗora notin Nissan bisa ƙusar Toyota, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in ka tilasta mashi ka kashe zaren duka biyun. Land Cruiser mai ƙusa biyar kuwa tata M14 ce, ta fi kauri. Akwai kuma ƙananan motocin ɗaukar kaya na Japan, irin Canter da Dyna, da ƙusoshin gefen hagu ke da zaren hagu. Ana buga harafin L a kansu. An sha karya su don mai kwancewa bai sani ba, yana ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake.

Me ke karya ta?

Mutane sun fi ɗora laifi ga hanya. Hanya na da nata, ba musu. Amma ni a ganina hannun mutum ya fi hanya ɓarna, kuma ta fuska biyu.

Ta farko ita ce ɗauri fiye da kima. Kamfanin Toyota ya ƙayyade ƙarfin ɗaurin notin Corolla a 103, na Hilux wajen 105, a ma'aunin da ake rubutawa Nm. A sauƙaƙe, kamar a rataya kilo 10 da rabi ne a bakin sanda mai tsawon mita ɗaya, ko kilo 35 a bakin kile mai santimita 30. To ku duba abin da ake yi wurin masu faci da cikin tasha: yaron mota mai kilo 70 ya zura bututu mai rabin mita cikin kile, ya hau da ƙafa biyu. Wannan ya kai 340, ninki uku da ɗoriya, tun bai fara tsalle ba. Ƙarfe yana da iyakar miƙewa. In ya wuce ta ba ya komawa, sai ya sirance wajen gindin zare, ya zauna yana jiran ramin da zai ƙarasa shi. Direba na murna wai an ɗaure da kyau, alhali an riga an kashe ƙusa.

Ta biyu ita ce sakaci. Aikin ƙusa shi ne ta matse janti jikin moyo har su zama kamar abu guda. Matsin nan ne ke ɗaukar nauyin mota. In noti ya yi sako-sako, ko an bar yashi da tsatsa tsakanin janti da moyo, sai janti ya riƙa motsi yana dukan ƙusa a kowane juyi har ta gaji ta karye. A ƙasarmu ta jigawa, inda ake canza taya tsakiyar rairayi, wannan ba baƙon abu ba ne. Ƙwayoyin yashi sun shiga tsakani, an ɗaure a kansu, bayan ƴar tafiya sun niƙe, ɗauri ya tafi.

Alamun da za a lura da su: ƙara ƙwas-ƙwas daga taya mai bin gudun mota, sitiyari na rawa, layin tsatsa da ya fito daga gindin noti kamar hawaye, hujin janti da ya koma kamar ƙwai, ko noti mai juyawa ba ya shiga ba ya fita. In ɗaya ta karye, sauran sun ɗauki kayanta. Mota mai ƙusa huɗu da ta rasa ɗaya ba motar ɗaukar fasinja ba ce. Biyu suka karye, a ajiye ta nan inda take.

Yadda ake aikin

A tanadi jak, kile, guduma mai nauyi, wosha masu kauri uku ko huɗu, noti mai buɗaɗɗen kai, buroshin ƙarfe, ƴar waya, da sabuwar ƙusa. Wajen saye, a tafi da tsohuwar a hannu, a gwada kauri, tsawo, zare da faɗin haƙoran gindi. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa: in haƙoran sun yi ƙanƙanta ƙusa za ta juya a banza, in sun yi girma za su buɗa hujin moyo. Bulon gama-gari na shagon kayan gini ba ya wannan aiki, ƙarfensa bai kai ba.

A tsaida mota wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa giya, a tokare sauran tayoyi gaba da baya. A sassauta notuna tun taya na ƙasa. Jak ba ya zama bisa yashi sai da katako mai kauri a ƙarƙashinsa. Bayan an ɗaga, a tokare shasi da kututturen icce mai ƙwari ko ƙafar ƙarfe ta garaji, a kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashin mota. Kar a dogara ga jak kaɗai, kar kuma a yi amfani da tubalin siminti ko na laka. Suna fashewa ba sallama. A kori yara daga wurin.

In birkin faifai ne, a kwance matsen birki da abin da ke riƙe da shi, a rataye shi da waya. Kar a bar shi yana lilo jikin tiyon mai. Sai a zare faifan. In birkin ganga ne na baya, a sauke birkin hannu tukuna, in ba haka ba gangar ba ta fita. Ƙurar ciki a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kar a hura da baki, ba ta da kyau ga huhu.

Yanzu a juya moyo har ƙusar da ta lalace ta zo daidai inda akwai fili a bayanta. A ba ta duka biyu ko uku masu kyau, kai tsaye, za ta faɗa baya. A garaji da abin matsawa ake fidda ta, kuma shi ya fi, don kowane dukan guduma boris na jin sa. In an buga sau uku ba ta motsa ba, a zuba mata ɗan gazuwal a jira, kar a zauna ana ta sara.

A share hujin, a zuro sabuwar daga baya. A jera wosha a kanta daga gaba, a juya noti gefensa mai faɗi ya kalli wosha, a riƙa ɗaurewa a hankali. Notin ne zai jawo ƙusar ciki. Don moyo kar ya juya, a tokare shi da ƙarfe tsakanin ƙusoshi biyu da aka rufe zarensu da noti. A riƙa leƙa baya. Da zarar kan ƙusa ya kwanta lif jikin moyo, ba tsagar da farce zai shiga, a tsaya. Nan ne aikin ke kyau ko ya ɓaci: ƙusar da ba ta zauna ba za ta ƙarasa zama a hanya, noti ya saki. Notin da aka yi jan da shi kar a mai da shi ga taya. Kuma in ɗauri ne ya karya ta farko, maƙwabtanta ma sun sha irin wahalar; wanda ke da hali ya canza na tayar duka.

A mai da birki, a goge fuskar moyo da bayan janti tas. Kar a shafa mai ko giris a zare, don yana sa a wuce ma'auni ba a sani ba. Kowane noti a fara shi da yatsu. Wanda ya ƙi shiga da yatsu akwai dalili. A ɗaure a tsallake, wannan sannan na gabansa, ba bi da bi ba. A sauke mota a ƙarasa. In babu kile mai awo, kilen da ya zo da mota da ƙarfin hannu sun isa, ba bututu, ba ƙafa. Kafin a motsa, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake gwada kowane noti.

Inda aikin gida ya ƙare

Tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu da Land Cruiser da yawa, faifan birkinsu na gaba bayan moyo yake, kuma ƙusoshin sun ratsa su biyun. Sai an fidda moyo gaba ɗaya, a buɗe boris, a sake mashi giris, a daidaita shi. Wannan aikin makanike ne. Haka in sabuwar ƙusa na juyawa cikin huji, moyo ne ya ci, shi za a canza. Janti mai hujin da ya buɗe shi ma ya gama aiki.

Sai maganar walda. Za a ce maku a ɗan ɗiga mata wuta a baya ta zauna. Zafin walda na ɓata ƙarfin da aka gasa ƙusar da shi, kuma ranar da ta sake karyewa ba ta fita sai da sara. Ko amalanken shanu mai tsohon aksil ɗin mota ban so a yi mata haka ba, balle motar da ke ɗaukar mata da yara zuwa asibiti.

Ƴan uwa da ke Kano, Agadas, Libiya ko Abijan, waɗanda suka sai mota suka bar ta gida tana nema wa iyali abinci: in direba ya bugo waya ya ce ƙusa ta karye, ku tambaye shi guda nawa, a wace taya, kuma wa ya ɗaure ta na ƙarshe. Ku ce ya turo hoton janti ta WhatsApp, inda hujin ke fitowa sosai. In za ku aiko da kayan gyara, ku haɗa da ƙusa uku ko huɗu da notunansu, daidai lambar motar, a ajiye cikin akwatin gaba tare da wosha.