Dokin Ƙarfe a Garin Gwamna

A zauren gidanmu da ke Unguwar Shanu akwai wani baƙin keke ƙirar Raleigh da ya shafe kusan shekara talatin a rataye jikin bango. Na kakana ne. Mun taso muna ganinsa kamar yadda ake ganin tsohon takobi a gidan sarauta, abin da ake girmamawa amma ba a amfani da shi. Ba a sauko da shi ba sai a daminar 2023, lokacin da kawuna ya lissafa kuɗin man da motarsa ke sha zuwa wurin aiki, ya ga ya kusa cinye rabin albashinsa. Ranar da ya tura shi zuwa wurin mai faci, maƙwabta sun yi ta yi masa jaje kamar wanda aka yi wa gobara. Wannan jajen ne ya sa na fara bin diddigin yadda abin hawan da ya ɗauki ma'aikatan Kaduna shekaru aru-aru ya koma abin kunya.

Kaduna ba irin Kano ko Zariya ba ce, biranen da suka girma cikin ganuwa bisa ma'aunin tafiyar ƙafa da ta jaki. Gari ne da aka zana a takarda. Layin dogo ya ratsa wurin tun wajen 1911, kuma a 1917 aka ɗauke hedikwatar mulkin Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan, bisa zaɓin Gwamna Lugga. Tsarin da Turawa suka bi ya ware wa kansu unguwa mai faɗin filaye, ya kuma tanadi fili na yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakaninsu da 'yan ƙasa. Ke nan tun ranar farko an gina tazara a cikin jikin garin. Kuku da masinja da leburan jirgin ƙasa da ɗan sanda duk suna kwana a wani wuri, aikinsu yana wani wuri. Unguwanni irin su Unguwar Shanu da Abakwa da Unguwar Kanawa sun cika ne da irin waɗannan mutane da iyalansu, tare da fatake da masu sana'a da suka biyo su. Sunan unguwarmu ma da kansa yana tuna mana cewa kafin taya akwai kofato.

Keke ne ya cike wannan tazara. Hausawa suka yi masa kirari da dokin ƙarfe, kuma ba su yi ƙarya ba, domin ya ba talaka abin da a da sai basarake ko attajiri ke da shi, wato ya hau ya bar ƙasa, alhali dokin nan ba ya cin dawa ba ya shan kanwa. Malamin makaranta da akawu kan yi adashi watanni kafin su mallake shi. Har lasisi ake yankar masa a wurin hukuma, a maƙala masa 'yar lamba. Mai shi kan naɗe ƙarfen da leda mai launi, ya sa madubi biyu da ƙararrawa, ya goge shi kowace safiya kafin ya karya kumallo. Yaran da iyayensu ba su da hali kuwa suna da mai hayar keke a bakin layi, inda ake koyon tuƙi da kobo da kuma ƙujewar gwiwa. Kasuwar ta kai har kamfanin Raleigh na Ingila ya kafa masana'antar harhaɗawa a Kano.

Da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sannan Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, keke ya zama ƙashin bayan masana'antun kudancin kogi. Dattawan unguwarmu da suka yi aikin masaƙa suna ba da labarin yadda suke fita bayan sallar asuba cikin ayari, su gangara ta tsakiyar gari, su haye gada, kwanon abinci ɗaure a kariya. Tafiya ce mai nisa, amma babu wanda ya ɗauke ta a matsayin ƙasƙanci. Wanda ya zo neman aure a kan sabon keke a wancan zamani ya zo da hujjarsa.

Abin da ya juya lamarin ya faro ne daga nesa. A watan Oktoban 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Abin lura shi ne yadda wannan girgiza guda ɗaya ta kai ƙasashe biyu wurare mabambanta. Holan na cikin waɗanda aka hana wa mai. Gwamnatinta ta hana fitowa da motoci a ranakun Lahadi tun daga Nuwamban shekarar, har Firayim Minista Joop den Uyl ya hau keke a gaban 'yan jarida. Dama can iyaye a ƙasar sun fara bore, domin a 1971 haɗarin mota ya kashe mutum kusan 3,300, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Daga nan biranensu suka shiga gina wa keke hanyarsa ta daban, aikin da ya ci shekaru masu yawa.

Mu kuwa da muke sayar da man, kuɗi ne ya kwararo. Rahoton kwamitin Udoji na 1974 ya ƙara wa ma'aikata albashi, aka kuma biya su bashin watannin baya a dunƙule. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, maƙwabcin masaƙun da keke ya raina. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna. Cikin shekara shida garin ya zama mai ƙera mota kuma mai tace abincinta. Akawu ya sayi babur, babban ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya fito da 504, keke kuma ya gangara hannun mai gadi da mai tallan itace da ɗan ƙauye. Ba wani aibu aka gano a jikinsa ba. Ma'anarsa ce ta canza, ya tashi daga shaidar samu ya koma shaidar rashi. A wajen wannan lokaci ne kakana ya sayi babur, keken ya koma na aiken yara, kafin daga bisani ya hau bango.

Da arzikin ya ja baya, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai aka zaci za a koma gidan jiya. Ba a koma ba. Acaɓa ce ta cike gurbin, domin mutum ya gwammace ya biya a goya shi da ya taka feda a gan shi. Masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, ayarin asuba ya watse. Da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni a 2014, babur mai ƙafa uku ya gaje ta, kuma abin dariya, shi ne ya ƙwace sunan: yau idan ka ce wa yaro a Kaduna ya nemo keke, Keke Napep zai tsayar maka. A matakin ƙasa ma an taɓa gwadawa. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawa keke, har ya riƙa zuwa taron majalisar ministoci a kai, sai wata motar safa ta ture shi cikin kwata a Abuja. Jama'a sun yi dariya, suka manta da maganarsa. A ganina haɗarin ya fi jawabinsa faɗin gaskiya: an ce mutane su hau, ba a ba su inda za su bi ba.

Haka abin yake a ƙofar gidanmu. Aikin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya sake gadar sama ta Kawo, ya sa fitilu, a wasu wurare har da dandamalin masu tafiya a ƙasa, kuma ba za a raina wannan ba. Amma titi mai faɗi gayyatar gudu ne. Wanda zai tsallaka Titin Ali Akilu daga Unguwar Shanu da tsohuwa ko da yara 'yan makaranta ya san tsawon addu'ar da yake yi. Mai keke ba shi da layinsa, sai gefen kwalta inda yashi ke taruwa da masu ƙafa uku ke tsayawa ba sigina. Inuwar maɗaci da mangwaro da ta sa tafiyar ƙafa ta yiwu a zafin Maris da Afrilu ta ragu ƙwarai. Sannan akwai waɗanda tarihin nan ya tsallake baki ɗaya, wato mata, waɗanda al'ada ba ta sakar musu sirdi ba tun farko. Su ne suka fi kowa tafiya a ƙasa, zuwa asibiti da kasuwa da islamiyya, su ne kuma ba a tuna su idan ana zana titi.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Girgizar da ta sami Holan a 1973 ta iso mu bayan shekara hamsin cif, sai dai ta same mu ba da shiri ba. Motoci suka kwanta a ƙofar gidaje an lulluɓe su da tamfol. Malamai da ƙananan ma'aikata suka fara sammako a ƙasa zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ofisoshin da ke tsakiyar gari, tafiyar da ba ta fi 'yan kilomitoci ba, wadda iyayensu ba su taɓa ɗauka a bakin komai ba. Likitoci sun daɗe suna cewa irin wannan motsi maganin hawan jini ne da ciwon suga, masana muhalli suna ƙara da batun hayaƙi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Amma ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya sauko da keken kakana daga bango. Aljihu ne ya sauko da shi, kuma abin da tilas ta kawo, sauƙi kaɗan na iya mayar da shi inda ya fito.

Mai facin da ya gyara shi dattijo ne da ya koyi sana'ar a zamanin masaƙu. Ya canza taya biyu da robar birki, ya jiƙa sarƙa da baƙin mai, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana ya saurari ƙararsa, bai ga inda ya tsage ba. Yanzu kawuna kan fita da ƙarfe bakwai saura, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, ya bi ta lunguna har inda suka ƙare. Idan ya iso bakin babban titi sai ya sauka, ya riƙe keken a hannu, ya tsaya tare da 'yan makaranta suna jiran motoci su tsagaita.