Yadda Kifi Ya Baro Kogi Ya Shigo Gida a Kudancin Kano

Ajiye kifi da rai a cikin gida sabon abu ne a ƙasar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa. Kafin shekarun 1970 kifi na kogi ne da kududdufi. Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga tuddan kudu, yakan cika da damina, ya janye da rani ya bar gurabe, masunta su bi su da koma da ƙugiya. Abin da aka kamo, tarwaɗa ce ko ƙarfasa ko kurungu, tukunya yake nufa ko wutar banda. Ɗan abin da ya yi kama da kiwo shi ne na yara, masu kamo 'yan ƙanana su zuba a gwangwani ko kwalba, su jefa musu tuwo. Da wuya kifin ya kwana uku, domin tuwon kan ruɓe ya ɓata ruwan.

Madatsun ruwa ne suka sauya wannan. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka datse Bagauda, sannan aka fara aikin Tiga a 1971 aka kammala a 1974. Noman rani aka nufa da madatsar Tiga da farko, amma tafkin da ya kwanta, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178, ya ba yankin abin da bai taɓa samu ba: ruwan da ba ya ƙafewa. Su ya zama sana'ar shekara, kwale-kwale da kalli suka yawaita. Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, maƙwabciyar Ƙiru, ya biyo baya a 1992.

Amma tafki ba shi ya kawo kifi tsakar gida ba, ƙyanƙyasa ce. Gonar kifi ta Panyam, a Jihar Filato ta yau, ta soma tun 1951, daga baya gwamnatin Kano ta kafa tata cibiyar samar da irin kifi a Bagauda. Dabarar ƙyanƙyasar ita ce a yi wa uwar tarwaɗa allura, a tatse ƙwanta, a haɗa da maniyyin namiji, kwana guda ko biyu 'ya'ya su fito. Tarwaɗa kuwa ta dace da matsatsi: tana da wata gaɓa a bayan kai da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ƙarfasa za ta kife ciki. Da 'ya'yan suka samu a kasuwa, sai kwamin siminti da tankin roba da na tamfol suka shiga gidaje.

Kifin ado, na kallo ba na ci ba, ta wata hanya daban ya zo. Mutanen Sin ne suka daɗe suna kiwon jan kifin nan mai ruwan zinare, tun zamanin daular Song, daga baya suka koma ajiye shi a tasoshin tangaran cikin ɗaki. A 1850 wani masanin sinadarai a Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa ciyawar ruwa da kifi na iya raya juna a mazubi ɗaya, a 1853 kuma gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin akwatunan gilashi ga jama'a. A ƙasar Kano otal-otal da ofisoshi da falon masu hali ne suka fara ɗauka, kuma har yau ya fi zama abin birni.

Dalilin ba kuɗi kaɗai ba ne. Ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙo, saɓanin abin da mai saye ke zato. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin sinadarin amoniya, kuma a lita goma ba ya da wurin tsarma. Injin hura iska yana son wutar da ba ta ɗaukewa. Zafin Afrilu yana rage iskar da ke cikin ruwa, sanyin hunturu kuma, wanda ya fi tsanani a tuddan Doguwa, yana hana kifi cin abinci. Masu abin sukan canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, su bar ruwan famfo ya kwana kafin su zuba.

Wani abin mamaki shi ne, akwai ɗan kifin Arewa da ya shiga akwatunan Turai. A 1928 masani Ernst Ahl ya bayyana wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda aka samo a Kogin Kiyawa kusa da Katagum, kuma sunan Kiyawa na nan cikin sunansa na kimiyya. A kududdufin damina yake rayuwa, ya mutu idan ruwa ya ƙafe, ƙwansa ya jira ruwan baɗi a cikin busasshen taɓo. Masu sha'awar irinsa a ƙetare suna aika wa juna ƙwan ta gidan waya, a cikin ƙasa mai ɗan danshi, su jiƙa ta bayan 'yan watanni 'ya'ya su fito.