Mozilla Thunderbird

Mozilla Thunderbird manhajar kwamfuta ce da ke haɗa saƙonnin imel, kalanda da kundin adireshi a wuri guda. Gidauniyar Mozilla ta Amurka, masu manhajar shiga intanet ta Firefox, ita ta fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a Disamban 2004. Kyauta ake sauke ta, kuma gudummawar masu amfani da ita ce ke ɗaukar nauyinta.

Manyan hanyoyi biyu take bi wajen ɗauko saƙo, POP da IMAP, kuma ya kamata sabon shiga ya fahimci bambancinsu tun kafin ya fara. POP yana kwaso saƙonni ya ajiye su a kwamfutar mutum. IMAP kuwa yana barin su a ma'ajiyar kamfanin imel, ta yadda abin da ka karanta a waya zai bayyana haka a kwamfuta. Mai na'ura fiye da ɗaya, IMAP ya fi masa.

Kalandar da farko ƙari ce mai suna Lightning, sai a 2020 aka shigar da ita cikin manhajar gaba ɗaya. Sigar Thunderbird ta wayoyin Android kuma ta fito a 2024.